Yaya Armande da Tulun Madara Mai Taya Huɗu

Yayata Armande ba ta tsani komai a duniya kamar tseren motoci na watan Yuni ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Gonarta tana bakin doguwar hanyar nan ta Hunaudières, kusa da birnin Le Mans, wadda duk shekara ake rufewa daga la'asar ɗin Asabar zuwa la'asar ɗin Lahadi, a bar wa mahaukata, in ji ta, su yi ta zagaye wuri guda kamar an ɗaure su a turke. Kaji su daina ƙwai, shanu su riƙe nono, tagogi su yi ta karkarwa. Ni ce ƙanwarta, Huguette. Gidan aurena yana bayan gonarta, shinge kawai ya raba mu, don haka duk faɗan da ta yi da tseren nan a kunnena ya sauka.

Yaƙi ya ɗauke mata mijinta, Prosper Guittet, ya bar mata shanu, da kaji, da tsohuwar motar kai madara. Da ba a samu namijin da zai tuƙa motar ba, sai ta hau da kanta. Tun daga ƙauyen Ruaudin har cikin Le Mans, da an ji hon ɗinta iyaye mata suke fitowa su kwashe yaransu daga bakin titi. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, in ta yi dariya sai karnukan maƙwabta su amsa.

Shekarar da aka dawo da tseren bayan yaƙi, motoci ba su da yawa, duk wanda ya kawo abu mai taya huɗu da fitila ana duba shi da idon rahama. A nan Anatole Fouqueray ya samu shiga. Maƙerin tulunan madara ne a ƙauyen Mulsanne, tuzuru, siriri kamar sandar tuta, da gashin baki wanda ya fi ƙarfin fuskarsa. Ya samo injin wata ƙaramar mota, ya ɗora a kan ƙarafan da ya haɗa da hannunsa, ya buga mata jiki da irin farin ƙarfen da yake yin tuluna, ya shafe ta da shuɗin fenti. Ranar da ya fito da ita, mutanen Mulsanne suka zagaye ta suna kallo, sai wani tsoho ya tambaya ina murfin. Tun daga ranar sunanta Bidon, wato tulun madara. Abokin tuƙinsa shi ne Hippolyte, mai kantin magani, wanda ya sayi tayoyi da sharaɗin za a ba shi kujera. Hippolyte mutum ne mai tumbi, sai an tura shi yake shiga motar, sai an jawo shi yake fita.

Da aka fara tseren, Bidon ta kwana tana tafiya, abin da ba wanda ya zata. Da hantsin Lahadi Yaya tana tsakar gida tana watsa wa kaji hatsi, ni ina jingine da shinge muna hira, sai muka ji wani abu ya fashe kamar bindiga. Kafin mu juya, ga shuɗin abu ya ɓarke shingen bakin hanya, ya bi ta kan kabeji yana tsalle, ya zo ya cusa hancinsa cikin akurkin kaji ya tsaya. Gashin kaji ya tashi sama kamar an farke matashin kai.

Wani dogon mutum ya miƙe daga ciki, ya cire tabarau, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. Anatole ne.

Yaya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Bawan Allah, ƙofar gidan ta can gaba take."

"Madam, a yi haƙuri. Taya ce ta fashe."

"Tayar ce ta ce maka ina raba kabeji kyauta?"

Bai samu ya amsa ba, domin talotalon Yaya, wani ƙaton namiji da ko mai kawo wasiƙa ba ya ƙyalewa, ya fito daga bayan akurkin a fusace. Anatole ya yi ta zagaye motarsa, talotalo na bin sa yana saran ɗuwawunsa, har ya samu ya ɗare rufin akurkin ya tattara dogayen ƙafafunsa.

"Madam! Ki kira shi mana!"

"Ba ya jin kira. Irinku ne, in ya fara zagaye ba ya tsayawa."

Ta bar shi a can ta ƙarasa ba kajinta hatsi, ta shiga ɗaki ta fito da burodi da cuku, ta soka a bakin manjagara ta miƙa masa sama. Ni kam dariya ta sa na zauna a ƙasa. Ya karɓa, ya ce an gode, ya ci a kan rufin, motoci na ta wucewa a bayansa suna ruri.

Ranar Litinin ya dawo gyaran shinge. Aikin yini guda ne, amma har aka fara sanyi Anatole bai gama ba. Ya gyara shinge, ya gyara akurki, ya gyara ƙofar garke, ya dawo ya liƙe bokitan da ba su yoyo.

Na ce mata, "Yaya, mai tulun nan fa ya kusa liƙe miki har tukunyar miya."

Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Tausayinsa nake ji, ba ki ga wuyansa ba?"

Amma na lura ta fara ɗaura sabon ɗankwali ranakun da yake zuwa.

Shekara ta zagayo, Bidon ta sake shiga. Wannan karon ta fi lafiya, har ta wuce wasu ƙanana 'yan'uwanta. Jajayen motocin Italiya da korayen Ingila suna wuce ta kamar tana tsaye, amma da yawansu sai ka gan su can gaba a gefen hanya, bonet a buɗe, direba ya riƙe ƙugu, Bidon ta zo ta wuce su tana ƙara kamar keken ɗinki. Da sanyin safiyar Lahadi Yaya ta fito daga tatsa da bokiti cike a kowane hannu, sai ga motar ta gangaro ta tsaya daidai shingenta, tururi na tashi daga gabanta. Anatole ya diro yana ihu.

"Ruwa! Madam Guittet, ruwa! Lagireto ya ƙafe!"

"Rijiya tana bayan gida!"

"Ba lokaci!"

Ta dubi bokitin, ta dube shi. Shi ma ya dubi bokitin. Ta ɗaga ta miƙa masa ta kan shinge, ya ɗura madarar nan da ɗuminta cikin lagireto, ya murza, Bidon ta yi tari ta tashi.

Abin da ya biyo baya har yau tsofaffin Mulsanne suna ba da labarinsa. Madarar ta tafasa. Farin kumfa ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin bonet yana bin gilashi, ƙamshin dafaffiyar madara ya cika hanya tun daga gonarmu har kwanar Arnage. Mutanen da suka kwana a bakin hanya da yunwa suka fara shaƙar iska suna tambayar ina ake dama kunu. Wani direba Bature ɗan Ingila da ya daɗe a bayanta ya ce daga baya bai taɓa jin kewar uwarsa irin ta ranar ba. Kuma motar tana gudu! Sai da ta yi zagaye da dama kafin alƙalan tseren su ɗaga mata baƙar tuta su fitar da ita, domin doka ta hana direba karɓar taimako daga kowa a kan hanya.

Da labari ya iso gona, Yaya ta ajiye abin da take yi. Da takalmin garke a ƙafarta ta yanki gonaki, ni ina biye da ita ina haki, har rumfunan gyara. Ta samu babban alƙalin, wani guntun mutum mai ƙyalle a damtse.

"Kai ne ka tsayar da motar nan?"

"Madam, an taimaka masa daga waje."

"Wane waje? A gonata nake tsaye. Ku ne kuka zo daga waje!"

"Doka ce, Madam."

"Madara ce fa, ba fetur ba! Wadda na tatsa da hannuna! Kafin ya sha madarata na nawa yake? Bayan ya sha na nawa ya koma? Faɗa wa mutane su ji!"

Mutane suka yi ta tafi, alƙalin ya ɓuya a bayan wani ɗan sanda. Ba a mayar da Bidon ba, amma a hanyar komawa gida na ji Yaya tana magana ita kaɗai, tana cewa da sun bar mu da mun gama. Na tsaya cak.

"Mu? Yaya, ke da wa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba.

Sati biyu Anatole yana wanke cuku daga cikin injin. Da ya zo ba ta haƙurin bokitinta da ya lotsa, ya tsaya yana murza hula yana kame-kame, sai ta gaji ta ce masa, "Anatole, in dai kowace shekara sai ka faɗo gonar nan, ka kwaso kayanka ka shigo gaba ɗaya. Je coci ka ga fada." Aka ɗaura aure a cocin Mulsanne bayan girbin tuffa. Da aka tashi daga walima, ango ya sha barasar tuffa ta fi ƙarfinsa, sai amarya ta tattare farar rigarta ta zauna a bayan sitiyarin Bidon. Da ma kujera biyu gare ta. Muka ga ƙurarsu kawai. Da muka iso gida muka tarar da Anatole zaune a kan dakali, mayen ya sake shi sarai, fuskarsa ta yi fari fat.

Ya ce mini, "Huguette, yayarki ba ta san inda birki yake ba." Sannan ya ƙara da wata irin murya, "Ban taɓa sanin motar nan tana da wannan gudun ba."

Ana saura kaɗan tsere na uku, Hippolyte ya faɗo daga tsani yana fentin allon kantinsa, ya karya ƙafa. Anatole ya zo gida ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Yaya ta ajiye masa miya a gaba ta ce, "Ci. Gobe ka kai ni in ga masu ƙyalle a damtsen nan." Suka gwada ta a kan hanya, suka duba agogonsu, suka sake gwada ta don sun ɗauka agogon ne ya lalace. Aka ba ta izini.

Ni aka bar wa gona. Ta jera mini gargaɗi kamar mai tafiya aikin soja, mafi girmansu shi ne Marquise, saniyarta mai jan tozo, wadda ta iya buɗe sakata da hanci. Bayan garken akwai fili na ɗanyar ciyawa mai kumbura cikin dabba, in saniya ta cika ciki da ita da raɓa a jiki tana iya mutuwa.

Ban ga tashin tseren ba, Hippolyte ne ya ba ni labari, shi da ya je kallo yana dogara sandunansa. A lokacin direbobi jeruwa suke a ɗaya gefen hanya, in an sauke tuta su sheƙa a guje zuwa motocinsu. Ya ce Yaya ta sheƙo da wandon aikin Anatole da ya yi mata tsawo, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wandon, ɗayan tana ture wani ɗan Italiya da ya tare mata hanya, tana ce masa, "Matsa, ɗana!" Mu kuma a gona mun cika bakin shinge, ni da maƙwabta da duk matan da muke zuwa coci tare. Jajaye suka wuce, koraye suka wuce, aka ɗan jima, sai ga Bidon, Yaya ta danne hon ba ta saki ba har ta ɓace. Muka yi ta tsalle muna rungumar juna kamar mu muka ci.

Haka suka yi ta karɓeɓeniya ita da mijinta har gari ya waye. Da hantsi ita ce a ciki. Ta zo wucewa, sai muka ga ta ɗaga hannu tana nuna mu, bakinta a buɗe tana faɗin wani abu da ƙarar inji ta cinye. Muka ɗauka gaisuwa ce, muka kaɗa mata hankici. Ta sake zagayowa, ta miƙe rabi a kujera tana nuni da ƙarfi. Muka ƙara kaɗawa, wata ma ta cire ɗankwali tana juyawa a sama tana kiran sunanta. A zagaye na gaba ta wurgo mana safar hannunta, maƙwabciyata ta cafe ta sumbace ta ta ce za ta ajiye wa jikokinta.

Zagaye na gaba Bidon ta ci birki ta tsaya a kan ciyawar gefen hanya. Yaya ta diro da hular kwano da tabarau, ta tsallake shinge kamar budurwa, ta ratsa ta tsakiyarmu.

"Huguette! Makauniya! Marquise!"

Sai a lokacin muka juya. Ga Marquise can tsakiyar ɗanyar ciyawa, kanta a ƙasa, tana ci hankali kwance. Tun safe mun ba gonar baya.

Yaya ta waiwayo tana gudu ta daka tsawa, "Kada wanda ya taɓa motar nan! Ko da ɗan yatsa!"

Ta kama saniyar a ƙaho, ta ja ta, ta tura ta da kafaɗa, ta danna ta garke, ta ɗaure sakatar da igiya, ta taɓa cikinta ta ji bai kumbura ba, ta dawo a guje. Mai tutar da aka ajiye a wurin, wani magidanci ɗan Ruaudin, ya tsaya baki buɗe.

Ta ce masa, "Akwai dokar da ta hana direba korar saniyarsa?"

Ya sosa ƙeya. "Ban taɓa ji ba, Madam."

"To riƙe tutarka da kyau." Ta juyo kaina. "Ke kuma za mu haɗu."

A rumfar gyara Anatole ya kusa cinye gashin bakinsa, don motar ta makara. Da ta iso ya taro ta da sifana a hannu.

"Me ya lalace? Inji? Taya?"

"Sakatar garke."

"Me?"

"Zuba mai, maigida, surutu ya yi yawa!"

Bayan azahar Bidon ta fara gajiya. Giya ɗaya ta tafi, wata ta bi ta, salansa ta faɗi a wani wuri cikin daji, ƙarar motar ta koma kamar ana rusa gida. Na bar wa mijina gona, na hau keke na tafi, don na ce ko za a kashe ni sai na ga ƙarshen abin nan. Na iske su a rumfa suna gardama a kan wanda zai yi tuƙin ƙarshe. Shi yana cewa ita ta fi shi gudu, ita za ta shiga. Ta cire hular kwanon ta kifa masa a kai, ta ɗaure masa igiyar a haɓa da kanta.

Ta ce, "Kai ka ƙera ta. Kai za ka kai ta."

Ya shiga yana share ido da bayan hannu. Yaya ta kama hannuna ta matse har na ji ƙashina, ba ta sake ni ba, ta ma manta da alkawarin haɗuwarmu. Fiye da rabin motocin da suka tashi ranar Asabar sun mutu a hanya, har da manya masu tsada. Da aka sauke tutar ƙarshe, wanda ya ci ya wuce, aka yi masa tafi, sauran suka biyo. Can daga baya, bayan kowa, sai ga shuɗin tulu ya ɓullo daga kwana yana hayaƙi yana tangaɗi. Ban san wanda ya fara ba, amma sai rumfunan kallo gaba ɗaya suka ɗauka, "Bidon! Bidon! Bidon!" Hippolyte ya jefar da sandunansa sama ya faɗi a kan wani makanike. Yaya ta haye katanga ta sheƙa, ta cicciɓi mijinta daga cikin motar ta ɗaga shi sama ƙafafunsa na reto.

Su ne na ƙarshe a duk waɗanda suka gama. Amma a ajin ƙananan motoci sun zo na uku, kuma Yaya ba ta taɓa yarda a ƙara da cewa uku ne kawai suka rage a ajin ba. Jaridar garinmu ta buga hoto washegari, wanda wani ɗan kallo ya ɗauka: mace da hular kwano tana kokawa da saniya, motar can a gefe ƙanƙanuwa. Anatole ya ɗan ji haushi, ya ce shekara uku yana bugun ƙarfe, saniya ta fi shi fitowa.

Sun sake shiga shekara mai zuwa, amma injin ya tarwatse tun rana ba ta faɗi ba, suka dawo gida da wuri suka ci abincin dare kamar kowa. Daga nan motoci suka ƙara girma da gudu, sharuɗɗa suka ƙara tsauri, ba a sake karɓar Bidon ba. Anatole ya sa mata sabon inji, ta koma kai ƙwai kasuwar Juma'a. Masu sha'awar tsofaffin motoci sun sha zuwa tayi, Yaya ta dafa musu kofi ta raka su ƙofa. Sun yi shekaru masu yawa tare, ita da shi, suna faɗa a kan wa zai tuƙa, har ciwon ƙirji ya ɗauke shi wata bazara. Ta rufe motar da bargon gadonsu, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Muna da furfura mu duka biyu aka aiko gayyata, wai za a yi jerin gwanon tsofaffin motocin tsere kafin a fara na shekarar. Na zaci za ta ƙi. Sai ga ta a ƙofata tana cewa in sa hulata mai kyau, kujerar Anatole ba za ta tafi ba kowa ba.

Wani saurayi mai ƙyalle a damtse ya yi mana bayani da ladabi: zagaye ɗaya ne, a hankali, kowa a bayan motar jagora, ba wuce juna.

Yaya ta ce, "To, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Ta bi layi kamar mutuniyar kirki har muka hau doguwar hanya. Can na ga ta gyara zama, ta tofa yawu a tafin hannu.

Na ce, "Yaya, a'a. Yaya, don Allah. Ina da jikoki!"

"Riƙe hularki."

Ban riƙe ba, iska ta tafi da ita. Muka wuce wata ja, muka wuce koraye biyu da tsofaffin attajirai a ciki, muka wuce motar jagora, direbanta ya bi mu da kallo baki sake. Na kira sunan duk wani waliyyi da na sani, na ƙara da waɗanda na ƙirƙira. Ita kuwa dariya take, irin wadda ban ji ba tun rasuwar mijinta, hawaye na gudu ta gefen tabarau zuwa kunnuwanta. A gaban rumfuna aka yi ta kaɗa mana tutoci kala-kala, ta ɗaga musu hannu ta shiga zagaye na biyu. Mai ne ya ƙare mana a kwanar Arnage. 'Yan kallo suka tsallako suka tura mu gefe, suka zaunar da mu a kan ciyawa, wata mata ta ba mu burodi da soyayyar kaza. Muna ci saurayin nan ya iso a kan babur, ya rantse ba za a ƙara gayyatarta ba har abada.

Yaya ta miƙa masa cinyar kaza ta ce, "Zauna ka ci, ka rame."

Shekara na zagayowa suka sake gayyatarta, ta kuwa je. Ni dai na aika mata cewa gwiwata na ciwo.